Wa Ya Cire Sunan Garba?

Ranar Alhamis da hantsi Souwaiba ta same ni a kasuwar dabbobi ta Agadas, ina zaune a rumfar dillalan raƙuma ina shan shayin da ba ni na saya ba. Tun kafin ta yi sallama na san akwai matsala, domin ma'aikaciyar biro, wato ofis, ba ta tako kashin raƙumi da takalmin fita sai dole ta sa ta.

"Baba Illiya, sun ce na ci amana," in ji ta.

Sunana Illiya, sana'ata bin sawu. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina bin raƙuman da aka sace tsakanin Aderbissinat da Ingal, kuma in ban da wata taguwa da ruwan sama ya wanke sawunta, ban taɓa komawa gida hannu rabbana ba. Ban yi boko ba. Ba na kuwa jin kunyar faɗa, don na sha ganin masu takardu da ba sa bambance sawun jaki da na ɗan maraƙi.

Souwaiba ita ce sakatariyar ƙungiyar maƙeran azurfa ta unguwar Obitara. Abokina Garba ne ya kafa ƙungiyar, ya rasu wata goma sha ɗaya da suka wuce, babban ɗansa Zaharaddin ya gaji kujerar.

Na miƙa mata buhun dusa ta zauna, ta yi mini bayani. Akwai wasu masu sayen kayan hannu a Faransa da suke da abin da ake ce wa lis. Duk wanda ya ba da adireshinsa na mel, wato imel, kowace Alhamis wasiƙarsu za ta same shi: abin da suke nema, da inda za a yi baje koli, da ranar rufe rajista. A ƙasan kowace wasiƙa akwai ɗan rubutu shuɗi, "se désabonner". Wanda ya taɓa shi ya fita daga lis, wasiƙa ba ta ƙara zuwa masa.

"Wato mai shela ne," na ce, "amma sai ƙofar wanda ya ba da suna yake tsayawa."

"Voilà. To, wani ya taɓa namu ƙarshen watan Yuli. A Satumba sunka yi kiran rajistar baje kolin Disamba, ba mu ji ba. An rufe. Rumfar da muke samu shekara tara an ba ƙungiyar Kawu Chaibou."

Nan ne gizo yake saƙar, zan ce, amma ban ce ba, don yarinyar ta fi kowa sani. Chaibou yayan mahaifiyarta ne, kuma shi ne babban abokin hamayyar mutanen Obitara. Iyalai goma sha huɗu sun shafe damina suna ƙera zobba da sarƙoƙi don wannan baje koli. Jiya, in ji ta, Zaharaddin ya tsaya a bakin kasuwa ya ce ita ta sayar da su ga kawunta. Ranar Asabar bayan la'asar za a yi taro a kore ta, daga nan a kai magana kwamisariya, wurin 'yan sanda.

"Aikin ba shi ne damuwata ba, Baba. Yau da sahe na gaida matar da ta yi mini wankan jego, ta kau da kai."

Raina ya ɓaci sosai. Na san yarinyar tun tana goye. Amma sani ba hujja ba ne, na taɓa kama ɗan aminina da raƙumin maƙwabcinsa. Na shanye shayin mutane na tashi.

* * *

Biron ƙungiyar ɗaki ɗaya ne a bakin maƙera, da tebur, da ordinata, wato kwamfuta, da hoton marigayi rataye a bango. Zaharaddin ya tarbe ni da ladabi, amma fuska ba walwala. Yaro ne mai hannu, in ya zana azurfa sai ka rantse ubansa ne. Matsalarsa ɗaya, yana yanke hukunci kafin ruwan shayi ya tafasa.

"Baba, wanga ba aikin raƙumi ba ne," in ji shi. "Ba rairayi cikin ordinata."

"Duk abin da ya wuce yana barin alama. Nuna mini."

Souwaiba ta buɗe akwatin wasiƙun. Ta nuna mini wata 'yar gajeriya da ta zo ranar da aka yi abin, wadda ke cewa an cire adireshin daga lis kamar yadda aka nema. Tana nan a binne cikin tarin tallace-tallace.

"Wa ya tono wagga?" na tambaya.

"Ita," in ji Zaharaddin. "Ita ta kira ni ta nuna mini."

"Ana iya share ta?"

"Da taɓawa ɗaya."

Na dube shi. A duk tsawon aikina ban taɓa ganin ɓarawon da ya kama hannun mai raƙumi ya kai shi ya nuna masa sawunsa ba. Na faɗa masa haka. Ya ce wayo ne, don a ce ba ita ba ce. Mai zargi kullum yana da amsa a aljihu.

"Da wasiƙa ta daina zuwa, ba wanda ya lura?"

"Na lura," in ji Souwaiba. "Sati biyu da tsayawarta na gaya mishi. Ya ce Agusta ne, Nasara duk suna hutu."

Zaharaddin ya sunkuyar da kai yana wasa da zoben hannunsa. Ban matsa masa ba. Na tambayi da sunan wa aka buɗe akwatin, suka ce da sunan marigayi, tun shekara tara. Na tambayi ƙofa nawa gare shi. Ba su gane ba, sai na ce ta ina da ina ake shiga. Zaharaddin ya ce biyu: wannan ordinata da salularsa. Lambar sirrin kuwa mutum uku suka sani, shi, da ita, da Jamilu mai gyaran salula wanda ya buɗe akwatin tun farko.

"Kai fa?" na ce. "Yatsa ba ta taɓa zame maka?"

Ya yi kicin-kicin da fuska. "Ni zan ƙona rumfar ubana?"

"Tambaya ce. Ana biyana da shayi don in yi ta."

* * *

Jamilu yana da shago kusa da tasha, cike da matattun saluloli da ya yi wa masu su alkawarin gobe. Gemunsa ya fara furfura, kuma mutum ne da ba ya iya ba da amsa sai ya fara da tarihin abin tun daga ƙirƙirarsa. 'Yan unguwa sun riga sun fara raɗa cewa an gan shi shekaranjiya yana cin nama da Chaibou.

"Na ci," in ji shi. "Balangu ne, kuma shi ya saya. In cin naman Chaibou laifi ne, rabin Agadas na kaso."

"Kana da lambar sirrin akwatin Garba?"

"Ina da ta rabin garinga, Malam Illiya. Kowa ya buɗe akwati sai ya ce Jamilu riƙe mini. Da ina son ɓarna, ba da lis ɗin Nasara zan fara ba."

Na yarda da shi, ba don gemun ba. Mutumin da abincinsa ya rataya ga amanar mutane ɗari ba ya zubar da ita saboda balangu. Na ce ya gaya mini ƙofofin akwatin, tunda shi ya gina.

Ya ƙirga da yatsu. "Ordinatan biro. Salular Zaharaddin. Da ta marigayi."

"Sun ce mini biyu."

"Uku. Ni na sa akwatin cikin salular Garba da hannuna, wata baƙa mai fasasshen gefe. Amma wannan ai ta bi mai ita. Salula in ta yi sati ba sharje, mutuwa take."

"In kuma wani yana ba ta wuta?"

"To tana raye. In cikin gidan take, rezon intanet na gidan zai kama ta, wasiƙa ta shiga kamar kullum." Ya dakata ya dube ni. "Wa zai sharje salular matacce?"

Ban sani ba tukuna. Kuma ni ba na cika baki sai na ga ƙasa.

* * *

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na bi Chaibou maƙerarsa a unguwar Katanga. Ƙaton mutum ne mai dariya da ciki, irin waɗanda in sun ci nasara sai sun tabbatar ka ji. Bai jira na tambaya ba.

"Ka zo ka ga ɓarawon rumfa? Ga ni. Wasiƙa ta zo, na cika takarda, an ba ni. Ko so suke in tahi in tada su daga barci?"

"Souwaiba ɗiyar ƙanwarka ce."

"Ɗiyata ce, kuma shekara uku ina roƙonta ta bar su ta taho wurina, ta ƙi. Ta ce Garba ya ɗauke ta aiki lokacin da ba wanda ya dube ta. Wagga yarinya ko lambar takalmin Zaharaddin ka tambaye ta ba ta gaya maka." Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. "In sunka kai ta kwamisariya, ni da su ne."

Na ce ya ajiye faɗa tukuna. Na tambaye shi ko ya ga wani abu dabam a wasiƙun ƙarshen Yuli, tunda shi ma suna zuwa masa. Ya ɗauko salularsa, ya daɗe yana ja da babban yatsa, sannan ya miƙo mini.

Hoton Garba ne. Yana zaune gaban zuga-zugi da rawaninsa shuɗi, yana murmushin nan nasa na gefen baki.

"Karanta mini," na ce.

"Sun zaɓe shi maƙerin wata. Sun yi mishi tambayoyi a rubuce, ya amsa. Ya ce lafiyarshi lau, kullum da asuba yana maƙera, kuma yana ɗokin ganinsu a Disamba." Chaibou ya karɓi salularsa. "A Yuli ke nan, Illiya. Ni da kai munka sa shi cikin kabari tun bara."

"Ba su san ya rasu ba?"

"Wa zai gaya musu? Sunan Garba ke saida kaya. Yaron ke amsawa da sunan uban."

"Kai mi ya hana ka tona? Da ka samu rumfar tun tuni."

Ya harare ni kamar na zage shi. "Garba ya koya mini riƙon awartaki. Ba na cin nasara da gawarshi."

Na fito ina jin haushin Zaharaddin, ina kuma jin tausayinsa. Ranar da wannan hoto ya fito, ranar aka cire sunan. Yanzu na san lokacin da dabbar ta firgita, saura in ga inda ta bi.

* * *

Da la'asar na je gidan marigayi. Zaharaddin ya ce salular ubansa tana cikin akwatin kayan aiki a ɗakinsa, a mace tun ranar jana'iza, ɗakin kuma a kulle yake, makulli na wurin Inna. Na ce ya karɓo. Ya shiga ya fito da shi yana guna-guni.

Da ya buɗe ƙofa ya ɗaga ƙafa zai shiga, na riƙe masa riga.

Ɗakunan tsohon gari rairayi ake shimfiɗa musu, farin rairayin kwari mai laushi. Garba kuwa ya fi kowa son sabo. Na durƙusa a bakin ƙofa, hasken yamma na shigowa ta gefe, kuma ba lokacin da ƙasa ta fi magana kamar wannan.

Mutum ɗaya ne ke shiga ɗakin, ba takalmi. Ƙafa ƙarama, ta hagu ba ta sauka da nauyi, alamar gwiwa mai ciwo. Ba ya zuwa wajen gado, ba ya zuwa wajen akwatin kayan aiki. Daga ƙofa yake miƙewa zuwa bangon gabas inda priz ɗin kuran yake, wato soket ɗin lantarki, har hanyar ta lotsa saboda yawan bi. A gindin bangon akwai gurbin ƙafafu huɗu na kujerar mata, da wani siririn zane inda igiya take jan ƙasa. Buzuzu ya ratsa wurin, sawun ƙarshe ya taka nasa. Buzuzu da dare yake yawo, wato yau da safe aka shiga.

"Ka ga wani abu?" in ji Zaharaddin.

"Na ga rairayi. Kulle, ka tahi aikinka, zan gaida Hajiya."

Hajiya Tabawa, matar marigayi kuma mahaifiyar Zaharaddin, tana zaune a inuwar zaure na ciki tana tsince shinkafa, ƙafar hagu a miƙe. Muka gaisa, muka yi wa marigayi addu'a. Ta dubi gwiwoyin wandona da rairayi ya manne musu, ta ci gaba da tsintarta.

"Malam Illiya, raƙumin wa ya ɓace cikin gidana?"

"Ba raƙumi ba ne, Hajiya. Gobe bayan la'asar za su kori Souwaiba, su kai ta kwamisariya."

Hannunta ya tsaya. "Souwaiba? Mi ta yi?"

A nan na gane ba wanda ya gaya mata komai. Haka 'ya'ya suke, sai su ɗauka in uwa ta tsufa kunnenta na jin addu'a ne kawai. Na ba ta labari tiryan-tiryan: sunan da aka cire daga lis, da rumfar da ta kuɓuce, da abin da ɗanta ya faɗa a bakin kasuwa. Ban tambaye ta komai ba. Ita kuwa ta ajiye faifan shinkafar a ƙasa a hankali.

Na yi mata sallama. Na san za ta zo, kamar yadda na san sunana.

* * *

Asabar bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a farfajiyar maƙera. Maƙera goma sha huɗu suka zauna, Zaharaddin a gaba. Souwaiba tana gefe ita kaɗai, ba wanda ya zauna kusa da ita. Na sa an kira Jamilu, Chaibou kuwa ya kira kansa, ya tsaya bakin ƙofa hannu a ƙugu.

Na nemi izinin magana, aka ba ni don shekaruna.

"Kun ce Chaibou," na fara. "Chaibou ba ya da makullin akwatinku. Ya ci rumfa don yana karanta wasiƙunshi. Kun ce Jamilu. Jamilu ya ci balangu, wannan tsakaninshi da haƙoranshi. Kun ce Souwaiba, wadda ta gaya wa shugabanku tun Agusta wasiƙa ta tsaya, ya ce Nasara na hutu. Ita kuma ta tono shaidar da kuke son rataye ta da ita."

"To wa?" in ji wani dattijo daga baya. "Aljani?"

"Ƙofar akwatinku uku ce, kuna gadin biyu. Jamilu, kira lambar marigayi."

Jamilu ya nemo lambar, ya ɗaga salularsa kowa ya ji. Maimakon muryar nan da ke cewa layi a kashe yake, sai ta shiga. Ta yi ƙara sau ɗaya, sau biyu. Sai muka ji amsarta daga soron shigowa, tana matsowa a hankali, tafiyar mai ciwon gwiwa.

Chaibou ya kauce daga ƙofa. Hajiya Tabawa ta shigo da lulluɓinta, ta kwance bakin zane, ta ajiye baƙar salula mai fasasshen gefe a kan tabarma. Maza duka suka gyara zama.

"Inna," in ji Zaharaddin, murya ƙasa-ƙasa. "Mi ya kawo ki nan?"

Ba ta dube shi ba. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, ba ta kuma cika yi masa magana kai tsaye ba. Da ni ta yi magana.

"Ni na taɓa, Malam Illiya. Akwai muryarshi ciki, saƙonnin da ya aika wa mutane. Kowace sahiya ina ba ta wuta in saurara. Amma duk Alhamis sai wasiƙa ta faɗo, suna kiran shi da suna, suna tambayar lafiyarshi. Shekara arba'in da ɗaya ina gidanshi ban taɓa kama sunanshi ba. Ga waɗansu da ko kabarinshi ba su sani ba suna kira kamar yaron gidansu. Na yi haƙuri wata takwas."

Ta numfasa.

"Rannan sai ga hotonshi, wai ya ce lafiyarshi lau, yana maƙera da asuba. Mutum yana kwance gaban Ubangijinshi ana sa mishi ƙarya a baki. Na ga rubutun ƙasa, na taɓa, sunka ce kin tabbata, na ce na tabbata. Na ɗauka shi kaɗai na hidda. Ban san abincin gida goma sha huɗu na rataye da sunan ba."

"Wa ya karanta miki?" na tambaya, don a lissafina akwai mutum na biyu, kuma shi nake jira.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Na yi lakwal, makarantar boko, har aji shida kahin a haifi wanga yaro. Ba wanda ya taɓa tambayata."

Wannan ban gan shi a rairayi ba, na kuwa amsa hakan a gaban kowa. Ɗanta ma bai sani ba, bakinsa a buɗe yake.

Dattijon baya ya juya ga Zaharaddin. "Gaskiya ne kana amsa musu da sunan marigayi?"

Zaharaddin ya amsa kansa a ƙasa. "Na ce in sun ji ya rasu za su bar mu. Na ce bari baje kolin bana ya wuce." Ya dubi salular a kan tabarma. "Kuma in na rubuta da sunanshi, sai in ji kamar yana ɗaki na gaba."

Ba wanda ya zage shi, ko da yake wasu sun so. Rabin waɗanda ke zaune sun san abin da yake yi, sun yi shiru don suna cin moriya, kuma yanzu kowa na duban tabarma. Hajiya Tabawa ta taka har inda Souwaiba take, ta zauna kusa da ita da ƙyar, ta kama hannunta.

"Ɗiyata, ki yahe mini. Jiya na ji."

Souwaiba ta fashe da kuka, kukan da ta riƙe kwana uku. Da ta share ido, Zaharaddin ya matso ya ce ta yi haƙuri, shaiɗan ne, ta ci gaba da aikinta.

"A'a," in ji ta. "Ba nan ka ce na ci amana ba. Bakin kasuwa ka hwaɗa, gaban masu tumatir da masu kabu-kabu. Can za ka janye."

Ya dubi dattijai ko wani zai cece shi. Ba wanda ya tanka. Ya ce gobe da hantsi, lokacin da kasuwa ta cika. Chaibou ya ce zai je ya tsaya kusa don kada murya ta yi ƙasa, ya ƙara da cewa rumfa kam ko taƙi ɗaya ba zai ba su ba, su nemi ta baɗi. Na tabbatar da cewa ni ma ina zuwa.

"Saura ɗaya," in ji Souwaiba. Ta tashi ta shiga biro, ta kunna ordinata, muka taru a bakin ƙofa. "Zan maida mu cikin lis. Amma ba da sunan Baba Garba ba, kuma ba kahin a gaya musu gaskiya ba. Kai za ka hwaɗa, ni in rubuta."

Zaharaddin ya tsaya bayan kujerarta. Ya gyara murya, ya faɗi gaisuwa da Faransanci, ta rubuta. Ya ce sunansa Zaharaddin, ɗan Garba maƙeri, ta rubuta. Ya ce, "Mahaifina," sai maganar ta tsaya masa a wuya. Ya sake gwadawa, ta ƙi fita. A lokacin na tuna ko ranar jana'iza ban ji ya faɗi kalmar da bakinsa ba, mu muka riƙa amsa wa masu ta'aziyya.

Souwaiba ta san abin da ke biye, da ta ga dama da ta rubuta ta huta da shi. Ba ta rubuta ba. Ta ɗora yatsunta a kan maɓallan ta jira, mu ma muka jira.

Daga kan tabarma Hajiya Tabawa ta ɗago kai, ta dubi ɗanta ido cikin ido.

"Zaharaddin," in ji ta. "Hwaɗi. Ina nan."

"Mahaifina ya rasu," in ji shi, hawaye na bin gemunsa. "Wata goma sha ɗaya ke nan. Ni ne nake amsa muku."

Souwaiba ta rubuta.